Dausayin Djoudj: Abin da Madatsar Diama Ta Bayar da Abin da Ta Ƙwace

Tsuntsun da ya baro Turai idan sanyi ya ƙarato, ya tsallake Bahar Rum ya faɗa Sahara, yana da tafiyar kusan kilomita 2,000 a gabansa, ba tafki ba ƙorama. In ta yammacin nahiyar ya biyo, ruwan daɗi mai faɗi na farko da zai yi ido biyu da shi yana wurin da Kogin Senegal ke bazuwa kafin ya zuba a Tekun Atlantika. A nan Djoudj yake, ana furta sunan da Juj. Gandun tsuntsaye ne mai faɗin hekta 16,000, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da birnin Saint-Louis, wanda Wolof ke kira Ndar, kuma kogin ne kaɗai ya raba shi da ƙasar Muritaniya. A lissafin hukumar UNESCO, tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya da rabi ke sauka a wurin, iri kusan 365, fiye da 120 daga cikinsu baƙi ne daga arewa.

Duk wanda ya ji an ce an killace wuri, abin da zai faɗo masa a rai shi ne iyaka da masu gadi da dokar hana farauta. Djoudj yana da waɗannan duka tun shekarar 1971, amma sau biyu yana shiga jerin UNESCO na wuraren gadon duniya da ke cikin haɗari, kuma ko sau ɗaya ba maharbi ne ya jawo ba. Sau biyun duka batun ruwa ne: yaushe ya zo, ina zurfinsa ya tsaya, yaushe ya janye, gishiri ya biyo bayansa ko bai biyo ba. Wannan ne ya sa nake ganin tarihin wurin ya cancanci a bi shi a tsanake.

Ruwan da ke raya Djoudj ba a Djoudj yake sauka ba. Daminar yankin gajeriya ce, a yawancin shekaru ruwan sama ba ya wuce milimita 300, wato bai kai rabin na Kano ba. Asalin ruwan yana tsaunukan Futa Jallon a ƙasar Gini, inda Kogin Bafing ke tasowa. Ya gangara Mali ya haɗu da Bakoye a garin Bafoulabe, daga nan ya zama Kogin Senegal, ya bi ta Kayes da Bakel, ya ratsa Futa Toro, ƙasar da Toronkawa ke danganta asalinsu da ita. Kafin a taɓa kogin, ruwan da ya sauka a Gini a Yuli da Agusta sai wajen Satumba da Oktoba yake cika bakin kogin. Ƙasar can kuwa shimfiɗe take kamar tafin hannu, saboda haka da ya haura gaɓa sai ya malale ya rufe dubban hektoci.

Daga nan sai ya soma janyewa. Kafin tsakiyar rani kogin ya raunana har ba ya iya ture teku, sai tekun ta kutso cikinsa, ruwan gishiri ya haura fiye da kilomita 200. Ƙoramu su koma ruwan zartsi, tafkuna marasa zurfi su ƙafe, laka ta tsattsage, gishiri ya fito fari fat a bisa ƙasa. Wanda ya zo a watan Mayu zai rantse wurin ya mutu. Alhali wannan mutuwar ta shekara-shekara ita ce sirrin arzikinsa. Fari da gishiri suna kashe duk ciyawar da ke son ta kafa gindi ta dawwama. In sabuwar ambaliya ta zo sai ta wanke gishirin, ta tarar da fili fayau, ta tayar da irin ciyayi da na bado da ke kwance cikin busasshiyar laka. Kifin kogi ya biyo ruwan ya zuba ƙwai a cikin ciyawa, kifin teku da jatan lande kuma su yi renon 'ya'yansu a ruwan zartsi.

Saboda haka Djoudj ba mazauni ɗaya ba ne, mazaunai ne da yawa da zurfin ruwa da yawan gishiri suka rarraba, wani lokaci bambancin bai wuce kamu ɗaya ba. Akwai ƙoramu masu zurfi, irin su ƙoramar Djoudj da gandun ya ci sunanta, da Gorom, inda kifi ke taruwa, inda kada da guza suke, inda kuma ayu ke iya ɓuya. Akwai manyan tafkuna uku masu faɗi amma marasa zurfi, Babban Tafki da Tafkin Khar da Tafkin Lamantin, wato tafkin ayu da Faransanci. A gefen da ruwan ya fi daɗi bado ke rufe fuskar ruwa, kuma 'ya'yansa su ne abincin agwagin daji: kirinjijiya mai fito da dare, da dinya, da ƙananan agwagin Turai da ke zuwa dubu-dubu. Su waɗannan agwagin ba sa nutso, kai kawai suke tsomawa, don haka in ruwa ya yi zurfi da yawa abincin ya fi ƙarfinsu ko da yana nan jibge. A bakin tafki, inda ruwa ya janye jiya ko shekaranjiya, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siraran baki ke caccakar taɓo suna zaro tsutsa. Da rani ya yi nisa, ruwan Babban Tafki ya ragu ya yi zartsi, sai filamingo, tsuntsaye masu dogon wuya da dogayen ƙafafu, su cika shi, don abincinsu a irin wannan ruwan yake yawaita. Can kan tudu kuma akwai bagaruwa da aduwa da wasu itatuwa masu jure gishiri, nan ne gyado da dila da jan biri suke, gauraka kuma tana kiwo a filin ciyawar da ke tsakani.

Abin da masu yawon buɗe ido suka fi zuwa gani shi ne kwasakwasa. A wani ɗan tsibiri cikin ƙoramar Djoudj dubbansu ke yin sheƙa a ƙasa, jiki da jiki, iyaye farare 'ya'ya baƙaƙe, wari da hayaniya tun daga nesa. Babban kwasakwasa na cin kifi kimanin kilo ɗaya a rana, kuma a ƙungiyance suke su, su yi wa kifi ƙawanya su tsoma baki lokaci guda. Amma ka dubi yadda rayuwarsu ta rataya a kan tsayin ruwa. In ya hau da yawa ya cinye tsibirin da ƙwayayen. In ya janye da wuri, kafin 'ya'yan su yi fiffike, tsibirin ya haɗe da tudu, dila da gyado su taka su shigo. A shekarun fari an sha rasa ƙyanƙyasar shekara guda cur saboda haka.

Akwai kuma wani baƙo da ba kowa ke lura da shi ba. Ɗan tsuntsu ne mai zane-zane a baya, nauyinsa bai wuce giram 12 ba, yana ƙyanƙyasa a fadamun Poland da Belarus da Ukraine, kuma yana cikin tsuntsayen Turai da suka fi kusa da ƙarewa. An daɗe ana kashe kuɗi wajen kare masa wuraren haihuwa ba tare da an san inda yake cin rani ba, sai a farkon 2007 masu bincike suka same shi a filayen ciyawa masu ɗan ruwa na Djoudj da kewaye. Turawa dai sun daɗe da koyon cewa makomar tsuntsayensu na ɗaure da Sahel. A 1969, bayan damina ta gaza a yankinmu, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya saba cika shingayen gonakin Ingila ya koma gida da ƙasa da rabin yawansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗin Turai ke zuwa Djoudj, kuma ba aibu ba ne a faɗi haka ƙarara: suna da rabo a wurin, shi ya sa suke ba da hannu.

Sai dai ba tsuntsaye kaɗai suka san wannan kalanda ba. Wolof na yankin Walo suna su, suna kuma shuka dawa a dansasshiyar ƙasar da ruwa ya bari. Fulani na sauko da shanu da rani su ci ciyawar fadama lokacin da jeji ya bushe. Larabawan Muritaniya mazauna gaɓar kogin suna kiwo da su, matansu na tsinkar 'ya'yan bado su daka su yi tuwo da dambu, suna yankan wata doguwar ciyawa suna saƙa tabarmi masu tsada, suna kuma jima da 'ya'yan bagaruwa, kamar dai yadda majema ke yi a ƙasar Hausa. Kowa da lokacinsa, kowa da gefensa, kuma ruwa ne ke raba musu.

Taɓa kogin ya riga killace gandun. A 1964 aka gina doguwar jinga a gaɓar kogin ta gefen ƙasar Senegal don a tsare filayen da ake son mayarwa gonakin shinkafa. Tun daga ranar ruwa ya daina shiga Djoudj yadda ya ga dama, sai ta ƙofofin da mutum ke buɗewa ya rufe. A watan Afrilun 1971, zamanin Shugaba Senghor, gwamnati ta ayyana wurin a matsayin gandun ƙasa, watanni biyu bayan sa hannu kan yarjejeniyar kare dausayoyi a garin Ramsar na Iran. A 1975 aka faɗaɗa shi ya kai girmansa na yanzu, a 1977 ya shiga jerin Ramsar, a 1981 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya.

A takarda tarihin ya yi kyau. A ƙasa kuwa an tashi mutane daga ƙauyukansu an mayar da su bakin iyaka, an hana su su da kiwo da yankan ciyawa a wurin da kakanninsu suka yi, an ɗora masu gadi masu kaki da bindiga. Mutumin da jiya masunci ne ya wayi gari ɓarawon kifi a idon doka. Shekara ashirin aka yi ana kama shanu ana ƙwace koma, ana zaman doya da manja tsakanin gandun da ƙauyuka bakwai da ke kewaye da shi, irin su Debi da Tiguette da Diadiam. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka sauya salo, aka shigar da ƙauyukan cikin tsarin kula da wurin, aka ɗauki matasansu aikin sa ido, aka bar musu jigilar baƙi a kwale-kwale da wani ɓangare na abin da ake samu. Gyara ne na gaske, amma a ganina kuɗin kwale-kwale na watanni shida ba zai taɓa maye wa makiyayi gurbin burtali da mashaya ba, kuma shigar shanu cikin gandun da rani har yau ba ta daina zama abin rigima ba.

Babban sauyin ya biyo bayan fari. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980 Sahel ta ga ƙarancin ruwan da dattawanmu har yau ke ba da labarinsa. Ambaliya ta ƙanƙance, a wasu shekarun kusan ba ta zo ba, gishirin teku ya yi ta haurawa yana lalata ruwan sha. A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa ƙungiyar raya kogin, wadda ake kira OMVS, Gini ta shiga daga baya a 2006. Suka yanke shawarar gina dam biyu. Na Manantali a kan Bafing a Mali, wanda aka kammala a 1988, aikinsa tara ruwan damina a sake shi sannu a hankali, da samar da lantarki. Na Diama kuwa, kimanin kilomita 27 sama da Saint-Louis, wanda aka gama a 1986, babban aikinsa shi ne ya tare teku kada ta sake shiga kogi.

Bai kamata a raina abin da Diama ya kawo ba. Manomin da a da yake zaune rabin shekara yana kallon ruwan da ba ya shayuwa ya sami ruwan daɗi rani da damina. Noman shinkafa ya bunƙasa a kwarin, a ƙasar da shinkafa ce abincin yau da kullum kuma mafi yawanta daga waje ake sayowa. Tafkin Guiers, wanda Dakar ke sha daga gare shi, ya sami ruwa tabbatacce. Wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984 ba zai yarda a ce masa gina dam wauta ce ba, ni ma ban ce ba. Abin da nake cewa shi ne an ƙirga ribar da kyau, asarar ce ba a ƙirga ba, domin kifin fadama da ciyawar shanu da tabarmar mata ba sa shiga littafin injiniya.

Shiga ta farko da Djoudj ya yi cikin jerin haɗari, daga 1984 zuwa 1988, tsoron ƙishirwa ce: fari ga shi, aikin dam ga shi, ana fargabar gandun zai rasa ruwa gaba ɗaya. Aka gyara ƙofofin ruwa, aka cire shi daga jerin. Ashe matsalar da ke tafe kishiyar wannan ce. Bayan Diama kogin ya zama tamkar dogon tafki, ana riƙe shi a tsayi ɗaya kusan duk shekara don injinan ban ruwa su samu. Babu janyewa, babu gishiri. Abin da fari da teku suka saba sharewa kyauta kowace shekara ya sami wurin zama.

Kainuwa ce ta fara, a farkon shekarun 1990, ta lulluɓe ƙoramu har kwale-kwale ba ya wucewa. Bahaushe na ce mata dashen Allah don ba a shuka ta, amma a nan hannun mutum ne ya gyara mata shimfiɗa. An shawo kanta da wani ɗan ƙwaro mai cin ganyenta. Sai a 1999 wata ta bayyana wadda ta fi ta muni, Salvinia, 'yar asalin Brazil, ciyawa mai yawo a kan ruwa da ke iya ninka kanta cikin 'yan kwanaki. Tana yin kauri kamar katifa, ta tare haske, iskar da ke cikin ruwa ta ƙare, kifi ya mutu, tsuntsu ya rasa inda zai sauka. A shekarar 2000 Djoudj ya koma jerin haɗari. Sojoji da mutanen ƙauye suka shiga ruwa suna kwashe ta da hannu, aka sa shingaye a bakin ƙofofi, amma kamar kwasar ruwa da kwando. Abin da ya karya ta shi ne wani ƙwaron, ɗan ƙasarsu ɗaya, wanda ba ya cin komai sai ita, tsutsarsa na huda jijiyarta har ta ruɓe ta nutse. Cikin ɗan lokaci katifar ta watse, a 2006 aka sake cire gandun daga jerin.

Kachalla ce ta gagara, kuma dalilin gagararta shi ne ya fi koyar da darasi. Kainuwa da Salvinia an samo musu maƙiyi daga waje. Kachalla kuwa 'yar gida ce, tun fil azal tana nan a 'yan lunguna, gishiri da bushewa ne suka hana ta sakat. Ba abin da take so illa ruwan daɗi marar zurfi da ba ya ƙafewa, kuma shi Diama ya ba ta, hekta dubbai. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana yaɗuwa ta iri mai tashi a iska kamar auduga, tana yin tsawon da ya ninka na mutum. In an ƙone ta ta tsiro, in an sare ta a sama ta tsiro, sai dai a yanke ta a ƙarƙashin ruwa don saiwar ta shaƙe, wannan kuwa aiki ne mai cin rai da kuɗi. Inda ta kafu bado ya tafi, agwagi sun tafi, masunci ba ya jefa koma, saniya ba ta isa ruwa, magudanai sun toshe. Jan baki kuma ya sami masauki, daga nan yake tashi ya faɗa wa shinkafar da aka yi dam ɗin dominta. Ana ƙoƙarin mayar da ita gawayi da kayan rufin ɗaki, abin a yaba ne, amma abin da ake yanka bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da ke tsirowa.

Mutanen Hadeja da Nguru da Gashuwa ba sa bukatar a fassara musu wannan. Bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, Kogin Hadeja ya daina ƙafewa da rani kamar da, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse wani ya bushe, jan baki ya addabi manoma. Can babu teku, bushewa kaɗai aka rasa, amma ciwon iri ɗaya ne. Irin agwagin Turai da ake ƙirgawa a Djoudj su ne kuma ake gani a dausayin Dagona na jihar Yobe.

Ruwan da ba ya motsi ya zo da wata masifar da ta fi ciyawa. A garin Richard Toll, mai gonakin rake, sama kaɗan da gandun, ba a san tsargiyar hanji ba kafin dam. A 1988 aka fara ganinta, cikin 'yan shekaru ta kama mafi yawan mutanen garin da ƙauyukan kewaye, ta zama ɗaya daga cikin ɓarkewar cutar mafi tsanani da aka taɓa gani a Afirka. Katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ba ta jure gishiri, ba ta jure bushewa, tana kuma son ciyawa, ga shi duka an daidaita mata. Ƙari a kan haka, akwai wani babban jatan lande na kogi mai cin katantanwa, wanda dole sai ya gangara ruwan zartsi yake haihuwa. Dam ya datse masa hanya, ya ɓace daga saman kogin. Da aka gwada mayar da shi a wata mashaya ta ƙauye, katantanwa ta ragu, cutar ma ta ragu.

Mafi kyawun abin da aka koya a wannan yanki, a ganina, a tsallaken kogi aka koye shi. Jingar da aka gina a gefen Muritaniya ta raba ƙasan fadamar da ruwa baki ɗaya. Cikin 'yan shekaru wurin ya koma hamadar gishiri, bagaruwa ta mutu a tsaye, maza suka tafi birni. A 1991 gwamnatin ƙasar ta kafa gandun Diawling a wurin, mutanen yankin kuwa suka ƙi shi, don sun ga abin da aka yi wa maƙwabtansu a Djoudj. Amma daga 1994, da taimakon ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, aka ɗauki wata hanya dabam: a gina ƙofofi a riƙa sako ruwa da gangan don a kwaikwayi ambaliyar da, kuma a tambayi masu wurin yadda ambaliyar take.

Da aka zauna sai ga saɓani. Masunta suka ce a buɗe ruwa da wuri, tun farkon damina, don lokacin ne kifi ke ɗauke da ƙwai yana neman hanyar fadama. Mata masu saƙar tabarma suka ce a'a, ciyawarsu sai ta sha ruwan sama ta ɗago tukuna, in aka nutsar da ita tun tana ƙasa ba za ta yi tsawo ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma ilimi ne da babu shi a kundin kowane injiniya. Aka tsaya a tsakiya: a fara sako ɗan ruwa kaɗan da zai jiƙa ƙasa kamar ruwan sama, sannan a riƙa ɗaga shi a hankali yadda ciyawar za ta riƙa tsere masa, kifi kuma ya samu ya shiga. Daga baya a buɗe ƙofar ƙasa a zubar da ruwan, a bar fadamar ta bushe. Kifi ya dawo, ciyawa ta dawo, bado da bagaruwa suka farfaɗo, makiyaya suka dawo, tsuntsaye suka biyo baya ba tare da an gayyace su ba. A 2005 UNESCO ta haɗa Djoudj da Diawling da wasu wurare a gaɓoɓin biyu cikin yanki ɗaya na kariya da ya ratsa iyakar ƙasashen.

A Djoudj ma aikin mai kula da gandu a yau ya fi kama da na mai ban ruwa. Idan kogi ya cika da damina ya buɗe ƙofar ƙoramar Djoudj da ta wata mashiga da ake kira Kada, ya bar tafkuna su cika, ya rufe, sannan ya bar rana da iskar hunturu su yi aikin da teku ke yi a da: ruwa ya ragu, gishirin da ke kwance a ƙasa ya taso, kachalla ta ja baya. Kuskuren makonni kaɗan na iya nutsar da tsibirin kwasakwasa ko ya miƙa shi ga dila. Ƙofar da ke yoyo da rani kuwa kyauta ce ga kachalla. Kuma tsayin kogin da duk wannan ya dogara a kansa ba a hannun gandun yake ba. Ƙasashe huɗu ne ke yanke shi, da lantarki da shinkafa da ruwan shan birane a gaban idonsu.

Shinkafar kuwa tana matsowa. Gonaki sun kai bakin iyakar gandun, wasu sun ci filin da aka ware ya zama tsakani, kuma ruwan da ake zubarwa daga cikinsu, da takin zamani da maganin ƙwari, gangarowa yake yi zuwa ƙasa mafi kwari, wato gandun. Taki abinci ne ga kachalla. Kwamitin gadon duniya ya yi ta nuna damuwa kan wannan a 'yan shekarun nan. Filayen ciyawa masu ɗan ruwa da ke wajen iyaka, inda ɗan tsuntsun Poland ke cin rani, su ne kuma suka fi sauƙin mayarwa gona.

A watan Janairun 2021 wani ma'aikaci da ke sintiri ya tarar da gawarwakin kwasakwasa kimanin 750 a wurin sheƙarsu, kusan dukkansu 'ya'ya. Murar tsuntsaye ce. Aka rufe gandun ga baƙi a tsakiyar lokacin da ƙauyukan ke samun kuɗin kwale-kwale, aka ƙone gawarwakin. Cuta irin wannan ta fi yin ɓarna inda tsuntsaye suka cunkushe, su kuwa kwasakwasan bakin Kogin Senegal wuraren da suka rage musu na yin sheƙa ba su da yawa, shi ya sa dubbansu ke matsuwa a kan tsibiri guda. A tsakiyar kowane Janairu ma'aikata da matasan ƙauyuka na fita da asuba su ƙirga tsuntsayen ruwa, tafki bayan tafki, a ranakun da takwarorinsu na Diawling ke yin haka a tsallake. Alkaluman kan hau su sauka daga shekara zuwa shekara, kuma in aka ajiye su kusa da littafin da ake rubuta ranar buɗe ƙofa da ranar rufe ta, galibi a nan ake samun dalilin.